Girma da Ƙanƙanta Idan Kamfanonin Jiragen Sama Suka Haɗu

Da sunan Allah nake farawa. Ya ku malamai da 'yan kasuwa na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, ku sani matuƙan jiragen sama suna da jerin girma, kamar kolo da titibiri da gardi a tsangaya. Daɗewar mutum a aiki ita ke ba shi shugabancin jirgi da yawan albashi, na ƙarshen jeri kuwa shi ake fara sallama idan ciniki ya faɗi.

A Amurka, cikin 2005, kamfanin US Airways ya haɗu da America West ba a daidaita jerin matuƙa ba. A 2007 mai sulhu ya yanke hukunci. Matuƙan US Airways suka ce an tauye musu shekarunsu, da yake kuwa sun fi yawa, a 2008 suka ture ƙungiyar ALPA suka kafa wata. Aka zauna kamfani ɗaya matuƙa gida biyu, ana ta shari'a, sai 2016 aka sami jeri guda.

Abin da na gani, duk inda za a gama kamfani biyu, na jirgi ko na motocin haya, a rubuta matsayin kowa gaban shaidu tun ba a gama dukiya ba, yadda Alƙur'ani ya umarce mu game da bashi. Rigakafi ya fi magani. Mai ɗauke da alhazai a sama, bai kamata yana riƙe da abokin tuƙinsa a zuciya ba.

Allah Ya sa mu gane. Wassalamu.