Rokar da ke Dawowa Gida

Yau hirar tamu sama za ta kai mu.

Lokacin da Yuri Gagarin ya kewaya duniya ranar 12 ga Afrilu, 1961, gwamnatin Tarayyar Sobiyet ce ta ƙera kumbon, ita ce kuma ta zaɓi wanda zai hau. Haka aka saba shekara da shekaru, har zuwa 2001 da wani attajirin Amurka, Dennis Tito, ya zaro kimanin dala miliyan 20 daga aljihunsa ya sayi kujera a kumbon Rasha. Amma shi fasinja ne kawai, kumbon na gwamnati ne.

A watan Yulin 2021 labari ya canza. Richard Branson ya tashi a jirgin kamfaninsa na Virgin Galactic ranar 11, Jeff Bezos ya biyo bayansa ranar 20 a rokar kamfaninsa na Blue Origin. Duniya ta ɗauka. Ni kuwa ina ganin an cika zuzuta waɗannan tafiye-tafiye biyu.

Ga dalilina. Galibi ana ɗaukar tsayin kilomita 100 a matsayin bakin sararin samaniya, nisan da bai kai Kano zuwa Zariya ba. Bezos ya ɗan haye wannan iyaka ya faɗo, duka tafiyar ba ta wuce minti 11 ba. Branson ma bai kai 100 ɗin ba, ya tsira ne da ma'aunin Amurka na kilomita 80. Kamar ka wurga dutse sama ne ya dawo. Kewaya duniya wani abu ne daban. Dole kumbo ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, ta yadda yana faɗowa, ƙasa na lanƙwashewa tana kauce masa. Da irin wannan gudun Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ke zagaye duniya cikin minti 90. Masu ajin kimiyya, ku riƙe wannan.

Samun wannan gudun shi ne mai cin kuɗi. Da can, yawancin rokoki sau ɗaya ake amfani da su, su ƙone ko su faɗa teku. Ku ƙaddara direba ya kai fasinja Kaduna, ya cinna wa motar wuta, gobe ya sayi sabuwa. Nawa zai ce kuɗin mota? A watan Disambar 2015 kamfanin SpaceX na Elon Musk ya dawo da gindin rokarsa Falcon 9, ya sauka a tsaye da ƙafafunsa, bayan an sha gwadawa ana tarwatsewa. Yanzu gindi ɗaya yakan tashi fiye da sau 20. Nan ne ainihin canjin yake.

Kada kuma ku ɗauka 'yan kasuwar su kaɗai suka yi. Bayan Amurka ta ajiye kumbunanta a 2011, sai da ta shekara tara tana sayen kujera a wurin Rasha. Hukumar NASA ce ta zuba wa SpaceX kuɗi, har ya kai mata 'yan sama jannati biyu tashar a watan Mayun 2020. A shekara ta gaba attajiri Jared Isaacman ya yi shatar irin wannan kumbon, ya ɗauki mutum uku, suka yi kwana uku suna kewaya duniya ba tare da ɗan sama jannatin gwamnati ko ɗaya ba. Cikinsu akwai Hayley Arceneaux, ma'aikaciyar asibiti mai shekara 29 da ta warke daga ciwon daji tun tana yarinya.

To, ƙofa ta buɗe wa kowa ke nan? Tukuna. Kujera ɗaya zuwa tashar ta haura dala miliyan 50. Haɗarin ma yana nan: a watan Oktoban 2014 jirgin gwajin Virgin Galactic ya tarwatse a sama, mataimakin matuƙi ya rasu.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa: idan tashar na zagaye duniya cikin minti 90, sau nawa mazauna cikinta ke ganin fitowar rana a awa 24? Ku turo amsa da sunan makarantarku.