Hawan jini ba ya sallama

A ƙauyukan Atantane, cikin gundumar Mayahi, kowa ya san zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda, domin su cututtuka ne masu shiga gida da ƙara. Hawan jini da ciwon sukari kuwa a ɓoye suke cin mutum. Magidanci na noma lafiya lau, rana ɗaya ya faɗi bakin gona, rabin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Gona ta kwana ba noma, iyali su shiga wahala.

Binciken da aka yi a Nijar cikin 2007, bisa tsarin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya (OMS), ya nuna fiye da baligi ɗaya cikin biyar na da hawan jini. Ke nan ba ciwon attajiran Yamai kaɗai ba ne.

Jahar Maraɗi ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Nan ne, tun shekarun 1960, ƙauyuka suka soma zaɓen ƴaƴansu masu ba da agaji da ungozomai, a horar da su, tun kafin taron Alma-Ata na 1978. Daga 2001 an gina ƙananan gidajen likita cikin karkara. Tushe yana nan, gini ya rage.

Awon jini ba ya wuce minti biyar. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana bai sauka ba, sai a tura shi likita. Ya kamata ma'aikatan sa-kai na ƙauye su samu na'urar awo, su zauna da ita ranar kasuwa. Hakimai da limamai su fara miƙa hannu, talakawa za su biyo.

Amma awo ba magani ba ne. Waɗannan cututtuka ana shan maganinsu kullum, ko jiki ya yi daɗi. In an gaya wa manomi ciwonsa, alhali magani sai Tasawa ko Maraɗi, an ƙara masa damuwa kawai. Wajibi ne hukumomin lafiya su kawo magani kusa, a farashin da talaka zai iya.

Iyali ma da nasu: gishiri kada ya kai giram 5 a yini ga baligi, a rage dunƙulen miya da sukarin shayi, a bar taba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.