Ciwon Hanjin Jariri Ba Ya Jiran Ranar Suna

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna a zangunan Hausawa na Kudu, daga Sabo ta Badun har Agege da Idi-Araba a Ikko, wadda ya kamata a dube ta da idon basira. Idan aka haifi jariri aka ga bai yi daidai ba, sai a ce a bari a yi suna tukuna, ko kuwa a sa shi a mota a kai shi gida wurin kakanni. Ga wasu cututtuka wannan jinkiri shi ne ajali.

Akan haifi yaro ba shi da dubura, ko hanjinsa a toshe, ko kuma hanjin ya fito waje ta gefen cibiya. Alamun ba su da wuyar ganewa. Lafiyayyen jariri yakan yi baƙin kashin nan na farko cikin kwana ɗaya, in ya daɗe kwana biyu. In bai yi ba, ciki ya kumbura, ko ya riƙa yin amai kore shar, to magana ta wuce jiƙo da tsagar wanzami, sai aikin tiyata. Wanda ba shi da dubura sau da yawa likita yakan buɗe masa ƙofa a gefen ciki kashi ya riƙa fita, in ya yi ƙwari a gyara masa hanya. Da yawansu sun girma har sun shiga makaranta.

A shekarar 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74 a kan jariran da aka haifa da irin wannan lahani. A ƙasashe masu arziki wajen 6 cikin 100 ne suka mutu, a masu matsakaicin hali wajen 20, a matalauta kuwa kusan 40. Cikin abubuwan da suka ƙara yawan mutuwa har da kawo yaro bayan cuta ta riga ta shiga jininsa. Rashin kayan aiki laifin hukuma ne, amma jinkirin kawowa daga gida yake.

Abin takaici, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a Idi-Araba yake, tun 1962, maƙwabcin Hausawa ne. Na Badun an buɗe shi tun 1957. Duk da haka sai uba ya zaɓi tafiyar yini da dare zuwa Kano ko Sakkwato da jaririn da ko nono ba ya iya riƙewa.

Lalle mutanen nan suna da hujjarsu. Kuɗin aiki yana da nauyi, mai jego ba ta jin Turanci ko Yarbanci, maigida kuma yana kara ko kasuwa, ba mai ba ta izinin fita. Amma duk waɗannan abubuwa ne da zango zai iya ɗauka. Jama'ar da ke haɗa kuɗi cikin sa'a guda don kai gawa gida ba za ta kasa haɗa na tiyata ba. Ya kamata kowane Sarkin Hausawa ya ajiye asusu don wannan, ya naɗa mutum biyu masu jin harshen gari su riƙa raka iyaye asibiti, limamai kuma su gaya wa magidanta su bar izini a gida tun kafin haihuwa, ungozoma ta duba duburar kowane jariri ranar da ta yanke cibiya.