Kun cire akwatin iska kun ɗaura jar filta: ku zo mu yi lissafi

1/
Zare ne, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. Duk wanda ya cire akwatin iskar motarsa ya ɗaura jar filtar nan mai kama da mazurari a cikin bonet, yana yawo yana cewa ya ƙara wa mota ƙarfi: ɗan'uwa, ƙara ka saya da kuɗinka. A ƙasar nan ma kwanan injin kake ragewa. 🧵

2/
Injiniyanci nake karantawa, amma abin da zan faɗa bai wuce fizis ɗin sakandare ba. Ku ɗauko kalkuleta ku biyo ni. Wanda ya ga lissafin bai yi ba ya kawo nasa. Abin da ba zan karɓa ba shi ne "ai ni na ji a jikina ta fi gudu".

3/
Inji famfon iska ne. Fetur ba ya ci sai da iska, kuma kowane kilo 1 na fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska. Ku lura, kilo na ce, wato nauyi. Girman silinda ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar da ta cika ta.

4/
Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, ta yi sakayau. A bakin teku, kubik mita ɗaya na iska a digiri 20 ya kai kusan kilo 1.20. A digiri 40, kusan 1.13. A digiri 70, kusan 1.03. Mazubi ɗaya, amma abin da ke ciki ya ragu.

5/
To akwatin baƙar robar da kamfani ya sa, wanda kuka raina, daga ina yake jan iska? Ku bi bututunsa. Yawanci za ku tarar bakinsa yana can gaba, kusa da fitila ko saman lagireto ko cikin gefen mota. Daga waje yake shaƙa.

6/
Taka jar filtar kuma tana zaune tsakiyar ɗakin inji. Iskar da fanka ta huro ta cikin lagireto, da zafin bakin salansa, da na esi, duk ita ke shanyewa. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, waje ma ya haura 40. Cikin bonet a go-silo yana iya kaiwa 60 zuwa 70.

7/
Lissafi: digiri 40 shi ne 313 a ma'aunin Kelvin, 70 kuma 343. Raba 313 da 343, ka samu 0.91. Kusan kashi 9 cikin 100 na iskarka ya tafi. Abin dariyar, a jikin kwalin an rubuta maka cewa "iska mai sanyi" ka saya 😂

8/
Ba a nan ta tsaya ba. Akwai na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota zafin iskar da ke shigowa. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, fistin ya riƙa ƙwanƙwasa. Don kare injin sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin filogi. Ƙarfi ya sake raguwa.

9/
Gaskiya ɗaya da zan ba ku: in mota ta miƙi titi tana gudu, iska tana wanke cikin bonet, tazarar ta ragu. Amma a ina ake burgar? A danja, a ƙofar makaranta, a wajen biki, bayan mota ta daɗe a tsaye tana dahuwa. Daidai inda abin ya fi muni.

10/
"To me ya sa nake jin ta fi fizga?" Kunnenka ne. A jikin bututun kamfani akwai wasu 'yan akwatuna marasa mafita. Irin abin da Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya yi bincike a kai ne a ƙarni na 19. Hura bakin kwalbar lemo, za ka ji yadda suke aiki.

11/
Aikinsu shi ne kashe ƙugin da iska ke yi duk lokacin da bawul ya buɗe ya rufe. Ka cire su, ƙugin ya fito fili, kai kuma ka ƙara taka totur don ka ji shi. Mota ba ta ƙaru da komai ba, tankinka ne ya ji a jikinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

12/
Sai masu "a sa mata ƙaton bututu". Mu auna. Inji mai lita 2.0 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 6,000 a minti, ko da ya cika taf, lita 6,000 ce a minti. Lita 100 a daƙiƙa. Iyakar cikinsa ke nan in babu turbo.

13/
Lita 100 a daƙiƙa cikin bututu mai faɗin inci 2.5 gudun kusan mita 32 ne a daƙiƙa. A inci 3, kusan 22. A inci 4, kusan 12. Na farkon ma bai shaƙe injin ba. Inci 4 a kan Corolla ado ne kawai, kamar yaro ya sa babbar rigar babansa.

14/
Kuma bayan ƙaton bututun naka akwai maƙogwaron totur, akwai hanyoyin cikin kan inji, akwai bawul. Duk suna nan yadda kamfani ya yi su. Ka faɗaɗa zaure, ƙofar ɗaki tana nan da ƙuncinta. Mutum nawa za su ƙara shiga?

15/
Yanzu inda ake ɓarna ta gaske. Corolla da Camry ɗin da suka cika titunanmu suna da na'urar MAF a jikin bututu. Wata siririyar waya ce mai zafi. Iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke sanin yawan iskar da ta shiga.

16/
Wayar ba ta auna duk iskar. Ɗan abin da ya gifta ta gabanta take ji, sai kwamfuta ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da aka saita ta da shi. Ka canza faɗin, ka mayar da ita maƙaryaciya.

17/
Misali: daga milimita 65 ka koma 76. Filin cikin bututun ya ƙaru da kusan kashi 37. Iska ɗaya, amma ta rage gudu a gaban wayar da fiye da kwata. Kwamfuta ta ɗauka iska kaɗan ce, ta rage fetur. Inji ya shiga ƙishi.

18/
Na'urar da ke salansa za ta yi ta ƙoƙarin gyarawa, har ta kai iyakarta. Daga nan wutar cak-inji ta kama, a sa na'ura a ga P0171. Silo yana rawa, mota tana shaƙewa in ka taka. Sai a ce fetur ɗin gidan mai ne, a canza filogi, a canza nozul. Bututun yana gefe yana dariya.

19/
Ko faɗin ya yi daidai, MAF tana son iska mai tafiya sumul. Ka manna ta dab da gwiwar bututu ko dab da bakin filta, karatunta ya riƙa tsalle. Tsofaffin Civic masu MAP ba su da wannan matsalar, shi ya sa abin da ya yi wa abokinka ba lallai ya yi maka ba.

20/
Gwiwa ma kanta lissafi ce. Iska tana da nauyi, ba ta son kwana mai kaifi. A kusurwa irin ta bututun famfo sai ta saki bangon ciki ta yi guguwa, hanyar ta tsuke. Lanƙwasa mai faɗi, ciki sumul ba tudun walda, baki mai buɗewa kamar kakaki: ga abin da ake nema.

21/
Tsawo kuma ba wasa ba ne. Duk rufewar bawul tana tura igiyar matsi baya da saurin sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, ta je ta dawo. In ta dawo daidai bawul na buɗe, ta cusa ƙarin iska kyauta. Doguwar hanya tana taimakon ƙasan juyi, gajera tana taimakon sama.

22/
A 1960 Chrysler ta sa wa 300F hanyoyin iska masu tsawon kusan inci 30 saboda wannan. Mazda 787B da ta ci tseren Le Mans a 1991 tana da kakakin iska masu tsawo da gajarta bisa juyin inji. Toyota na da ACIS. Su da kwamfuta da dakin gwaji, kai da mai walda da "malam ɗan ƙara lanƙwasawa".

23/
Ba mai waldar nake zargi ba. Abin da ka nuna masa a waya shi ya yi maka, kuma sau da yawa hannunsa ya fi zanenka kyau. Masu tallar kayan nan a Instagram da TikTok, masu cewa "ɗaura kawai ka ga ƙarin doki" ba tare da awo ko ɗaya ba, da su nake.

24/
Mu zo kan babbar magana: ƙura. Bidiyoyin da kuke kwaikwayo daga Japan da Ingila ne. Mu kuma kowane hunturu iska tana kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi. Motar da ka wanke da safe, kafin la'asar ana rubutu da yatsa a gilashinta.

25/
A cikin ƙurar nan akwai silika, sinadarin yashi, mai goge ƙarfe. In ta wuce filta, ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar sanfefa tsakanin ringi da silinda. Ba yau za ka gani ba. Sai ta fara shan mai, ta fara shuɗin hayaƙi, makaniki ya ce sai an sauke inji.

26/
Filtar da ta fi barin iska ta wuce, galibi ta fi barin ƙura ta wuce, in faɗinsu ɗaya. Masu mai a jiki kuma sai da kulawa: mai ya yi kaɗan ƙura ta shige, ya yi yawa ya shafe wayar MAF. Ballantana jabun da ba a san wa ya yi su ba. Akwai ƙa'idar gwajin filta, ISO 5011. Tambayi mai sayarwa ka ga idonsa.

27/
Ku kalli waɗanda abincinsu ke kan inji a cikin ƙura: tirela, tarakta, tifa, Land Cruiser ɗin daji. Ƙatuwar gwangwanin filta a rufe ruf, da yawa da bututu can sama inda ƙura ba ta da kauri. Ka taɓa ganin direban tirela ya cire nasa don ya ji ƙugi?

28/
Wasu sun gane maganar zafi, sai suka zura bututu ƙasa bayan bamba. Sanyin an samu. Amma Agusta na zuwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Filta ta nutse a kududdufi, silinda ta sha, fistin ya taso ya tarar da bango, sandarsa ta lanƙwashe. Garin neman gira an rasa ido.

29/
Masu turbo, taku daban ce, na yarda. In an ƙara matsi, an sake saita kwamfuta, inji yana jan iska fiye da da, bututun kamfani zai iya zama cikas. Amma ko can, ƙaton bututu zuwa intakula ƙarin fili ne da turbo za ta cika kafin ka ji ta. A auna tukuna.

30/
To me za a yi? In injinka yana nan yadda ya zo: mayar da akwatinka. Sa filtar takarda mai kyau, ka riƙa duba ta a hunturu. Kada a hure ta da iskar mai faci har ta yage. Duba kilif da tiyo, don duk tsagar da ke bayan filta ƙofar ƙura ce.

31/
In dole sai ka yi gyara: bar gidan MAF da faɗinsa na asali, da miƙaƙƙen wuri kafin ta. Rufe filtar a akwati, jawo mata iska daga gaba, sama da inda ruwa ke kaiwa. Rage gwiwoyi. Mayar da ƙaramin tiyon numfashin inji inda yake, kada a bar shi yana lilo.

32/
Gwaji biyu, kada ku yarda da ni haka kawai. Na ɗaya: sayi 'yar na'urar OBD2 mai haɗuwa da waya. Duba IAT, zafin iskar shiga, da LTFT, gyaran fetur. Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, da akwati da kuma jar filta. Ɗauki hoton allon.

33/
Na biyu ko sisi ba ya ci. Bayan hunturu, kwance bututun, shafa farin ƙyalle a cikinsa, bayan filta. In ya fito fari, Allah ya ba ka haƙuri, na taɓa ka a banza. In ya fito ja, ka san abin da ringinka ke ci tun Nuwamba.

34/
Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take, kuma kowa ya san kuɗin inji ɗan Beljiyam. Da yawanmu ma motar ta gida ce. Kuɗin jar filtar nan ka sa a taya, birki da baƙin mai na kirki, wallahi za ka fi jin bambanci.

35/
In ƙugin kake so, faɗi gaskiya: "ƙara nake so, na san farashinta." Babu mai hana ka, motarka ce. Amma kada ka ce wa ƙaninka ƙarfi ne. Mai ja, ya ajiye hoton IAT ɗinsa a ƙasa, zan duba ɗaya bayan ɗaya. A tura wa wancan abokin, kun san shi 👇