Batirin iPhone: A Canza, Amma Kada A Toshe Bakin Waya

Tun 2019, idan aka sa wa iPhone XS, XR ko na bayansu batirin da ba ta hannun Apple ya fito ba, sai wayar ta nuna saƙon cewa ta kasa tantance shi. A matsayina na malamin kimiyyar harshe, ina jan hankalin mai karatu: "ban tantance ba" daban, "jabu ne" daban. Apple na cin moriyar wannan ruɗani. Irin haka ne ya sa jihar Oregon ta Amurka ta kafa doka a 2024 wadda ta hana kamfanoni razana mai waya da irin wannan saƙo.

Mutumin Maiyama ba zai tafi Legas saboda batiri ba, kuma Aliero da ta shahara da ɗori ba sai an koya mata darajar gyaran gida ba. Abin da ban amince da shi ba shi ne dabarar cire ɗan allon tsohon batiri a liƙa wa sabo, har a mayar da lissafin lafiyarsa ɗari bisa ɗari. Mai waya ya san abin da aka yi. Wanda zai saye ta a kasuwar Jega bai sani ba, alhali a aljihunsa batirin zai kumbura cikin zafin Afrilu. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyara su wajabta rubuta sunan batirin a rasit.