Mu Fito da Lissafi Filin Makaranta!

Jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum, iyaye da malamai, a saurara! Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli tana ba da canji ba kuskure, amma da ta shiga aji sai a ce ba ta da kan lissafi. Wannan rashin adalci ne. An ɗaure mata lissafi a jikin allo, alhali ga shi nan zube a filin makarantarta.

Mu kewaya harabar kowace firamare, mu ware wurare, mu sa musu lamba da fenti ko farar ƙasa, yara su riƙa bi ƙungiya-ƙungiya suna warware tambayoyi. A gindin darbejiya a kafa sanda mai tsawon mita 1. In inuwarta ta kai mita 2, ta bishiyar kuma mita 16, yaro da kansa zai gano tsawon bishiyar mita 8 ne, bai hau ba. Ai da inuwa malamanmu ke gane shigar la'asar tun kafin agogo ya zo. A jikin katanga su ƙirga bulon layi ɗaya, su ninka da yawan layuka. Su zagaye tsohuwar taya da igiya, su raba da faɗinta: kullum 3 da 'yan kai za su samu, ko tayar babur ce ko ta tirela. A gefe a tona ramukan dara 30.

Lissafi gadonmu ne. A 1732 Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan jera lambobi cikin hatimi, ana nazarinsa har yau.

Sai dai a kiyaye. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma. Kada a kawo dutse ko ƙasa daga wurin haƙar zinare, domin daga can gubar ta fito. Marfin kwalba da ƙwallon goruba sun isa ƙirga, kuma a wanke hannu bayan an gama. Halin tsaro ma ya sa komai ya tsaya cikin haraba.

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, to ga aikin da ba ya jiran kwangila. Hedimasta, kira taron iyaye makon nan! Magina, ku zo da tef ɗinku. Teloli, ku ba da igiyar awo. Matasan da suka gama sakandare, ku ɗauko fenti, ranar Asabar mu haɗu a makaranta!