Massalata da Maratta, duk namu ne



Duk shekara in lokacin Arwa ya zo a Massalata, nan kusa da Birnin Ƙonni, sai mu rabu biyu. Wasu su hau kabu-kabu su tafi kallo, su dawo suna ba da labarin abin da Azna sunka faɗi kan damina mai zuwa. Wasu kuma su cika WhatsApp da zagi: arna, matsafa, a hana su. Wani lokaci ma mutum guda ne ke yin duka biyun, kallo da safe, zagi da dare.

Akasarinmu Musulmi ne, mun yarda babu wanda ya san gaibu sai Allah, kuma ba mu ce kowa ya je a yi masa duba ba. Malamai su yi wa'azinsu, aikinsu ne. Amma fa wa'azi daban, wulaƙanci daban. Mutanen nan ba baƙi ba ne, su ne ƴan ƙasa na farko, kuma da yawa daga cikinmu in aka bi tsatsonmu can za a tsaya, ko mun so ko mun ƙi.

A 1899 sojojin Voulet da Chanoine sunka faɗa wa Birnin Ƙonni, sunka ƙone gari, sunka kashe mutane ba adadi. Ba su tsaya tambayar wa ke salla wa ke bori ba. Kafin su iso nan, wadda ta tare su a Lugu, cikin ƙasar Arewa, ita ce Sarauniya Mangu. To Sarauniya wace ce? Shugabar Azna ce. Yau duk Nijar na alfahari da ita, Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya yi fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Muna tafa mata, sannan yaro ɗan Massalata ya shiga lakwal yana jin kunyar faɗin sunan garinsu. Wallahi wannan ba adalci ba ne.

A Maratta, kusa da Galmi, anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, Bafillace. Gidan Sarkin Adar na Illela kuwa daga Agabba na Agadas ya samo asali. Ƙasa guda ce ta ɗauki duk wannan, kuma mun iya zama da juna: Bafillace da Ba'are su haɗu a kasuwa su yi ta tsiya, Buzu da Bazabarme haka, a rabu ana dariya. Wannan wasan taubasai har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Me ya sa haƙurin namu ke ƙarewa daidai bakin Massalata?

Abin da ya fi damunmu shi ne tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Su ke riƙe da sunayen itatuwa da maganinsu, tarihin tsofaffin rijiyoyi, wa ya fara saran wane daji, da dokar buɗin daji wadda ke hana farauta sai lokacinta ya yi. Ba sai ka yarda da tsafi ba kafin ka gane cewa dajin da ake bari ya huta ya fi wanda ake bi da bindiga rani da damina. Jikokinsu kuwa suna Legas ko Abidjan, ba mai zama ya saurara.

Muna roƙon gidajen rediyonmu su ɗauki muryoyin dattawan nan su adana, tun ana iya samunsu. Malaman lakwal kuma su kai yara Maratta, su kai su fadar Illela, su kai su Massalata su gaida tsofaffi su yi tambaya. Wanda ke da kaka a can, wayar da ke hannunsa ta isa. Ya tafi wannan Juma'ar, ya riƙa goro.